Yadda Ellis Thackray Ya Koyi Waiwaye

Shekara ashirin da biyu ke nan ina saukar da 'yan ƙwallon Skelby a gidana. Bayan mijina Len ya rasu, 'ya'yana mata biyu kuma suka yi aure suka bar garin, ɗakunan sama suka zama babu kowa. Sai sakataren ƙungiyar ya zo ya zauna a kicin ɗina, ya ce ko zan riƙa karɓar samarin da suke ɗaukowa daga nesa, in ciyar da su, in tabbatar sun tashi a kan lokaci. Na ce a kawo su. Daga ƙofata zuwa filin wasa tafiyar minti bakwai ce, in iskar teku ba ta tura mutum baya ba.

Samarin da suka kwana a ɗakunan nan sun haura arba'in. Yawancinsu sun daɗe da ajiye takalmi. Akwai mai gyaran famfo, akwai ɗan sanda, akwai wanda yake tuƙa babbar mota, in ya biyo ta garin sai ya danna mini ƙaho. In an ce in ba da labarin ɗaya daga cikinsu, na Ellis Thackray nake bayarwa. Ba don ya fi kowa iya ƙwallo ba. Aƙalla uku sun fi shi.

Ubansa ne ya kawo shi wata Lahadi cikin watan Yuli, ana yayyafi, a motar da yake zuwa aikin fenti da ita. Uban, Gordon, ƙato ne mai murya, shi ya yi ta magana tun daga bakin ƙofa har saman bene. Yaron na biye da shi, siriri, bai cika tsawo ba, jaka ɗaya a kafaɗa, takalman ƙwallonsa a cikin leda. Shekararsa goma sha takwas.

"Ga shi nan, Misis Scarth," in ji Gordon. "Ba ya shan giya, ba ya yawo, ba ya surutu."

"Glenda ake ce mini," na ce. "Kai kuma ɗana, akwai abin da ba ka ci?"

Yaron na kallon taga. Sai da uban ya taɓa masa gwiwar hannu ya juyo da dukan jikinsa.

"Na'am?"

"Na ce akwai abin da ba ka ci?"

"Babu, Anti."

Na ɗauka kunya ce.

Labarinsa irin na yawancin waɗanda ake kawo mini ne. Tun yana shekara takwas wata babbar ƙungiya ta birninsu ta ɗauke shi makarantarta ta ƙwallo. Shekara goma Gordon yana ajiye buroshi ya kai shi atisaye, sau huɗu a mako. Sannan wata rana a watan Afrilu aka kira su wani ofis mai kujerun fata, aka ba su shayi, aka ce Ellis yana da ƙafa mai kyau, amma hankalinsa yana tafiya wani wuri ana tsakiyar wasa. Kafin shayin ya huce an gama da shi. Ya yi gwaji a ƙungiyoyi huɗu, duk suka ce a yi haƙuri. Ta biyar ita ce tamu, wadda take rukuni na huɗu, inda Koci Pybus ya ba shi kwantiragin shekara ɗaya.

A gida ba shi da damuwa. Yana gyara gadonsa, yana wanke kwanonsa. Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi: in na kira shi daga kicin, wani lokaci ya amsa nan take, wani lokaci sai na yi kira uku. A teburin cin abinci kuwa kujerar da ke jikin bango ya zaɓa tun ranar farko, ko baƙi na yi ba ya barinta.

Wasansa na farko a watan Satumba ne, ranar Asabar da ƙarfe uku, a filinmu. Muna da ci ɗaya, baƙi ba su da ko ɗaya, saura minti ashirin Pybus ya sako shi. Ƙwallon farko da ta zo ƙafarsa bai ko tsayar da ita ba, ya ɗaga ta daga tsakiya har can gefen dama, ta sauka a kan ƙafar ɗan wasanmu kamar da hannu aka ajiye ta. Tsohon da ke zama kusa da ni, Mista Coverdale, wanda bai taɓa yabon kowa ba tun da na san shi, ya cire hularsa ya mayar.

"Wannan kuma a ina aka tsinto shi?"

"A saman benena," na ce.

Saura minti huɗu a tashi, kyaftin ɗinmu Vince Tordoff ya turo masa ƙwallo daga baya. Wani ɗan wasan baƙi ya taso a guje ta kafaɗarsa ta hagu. Vince ya yi ihu, "Bayanka!" Mu dubu biyu da ke wurin muka yi ihu, "Bayanka!" Ellis ya waiga dama. Mutumin ya zare ƙwallon daga ƙafarsa, ya wuce, ya bai wa ɗan'uwansa, sai raga. Aka tashi kunnen doki.

Kowa na iya yin haka sau ɗaya. Ellis ya sake yi bayan mako uku, ya kuma sake a ƙarshen Oktoba, wannan karon aka cinye mu. Vince, wanda shekararsa talatin da huɗu, hancinsa ya karye sau uku a bautar Skelby, ya bi shi har tsakiyar fili yana nuna shi da yatsa. Daga inda nake ina jin muryarsa.

"Kai Ɗan Barci! A kawo maka filo ne? In aiko maka da wasiƙa cewa akwai mutum a bayanka?"

Sunan ya bi shi. 'Yan kallo suka ɗauka, har masu sayar da kifi a kasuwa. Pybus ya mayar da shi benci, daga baya ma ya daina rubuta sunansa. Ranar Asabar sai Ellis ya sa kwat ya zauna a sama yana kallo, ya dawo gida ya haye ɗaki.

Ni kuwa wani abu ya fara sosa mini rai. Len ya yi shekara talatin a ɗakin injin jirgin kamun kifi, injin ya cinye masa kunne ɗaya. Na san yadda mai kunne ɗaya yake juyo da jikinsa gaba ɗaya in ana masa magana. Na san yadda yake zaɓen gefen da zai bi in kuna tafiya tare a titi. Na daɗe ina ganin waɗannan a jikin Ellis, ban dai haɗa su ba, don ban taɓa kawo wa yaro ɗan sha takwas irin wannan ba.

Wata Laraba da rana yana tsaye yana wanke kwanoni, na zo na tsaya a bayan kafaɗarsa ta hagu, na yi ƙasa da murya.

"Ellis, an bugo waya. Wai kai za ka zama kyaftin ɗin Ingila ranar Asabar."

Ya ci gaba da goge tukunya. Na zagaya ta dama, na ƙara yin ƙasa da murya fiye da ta farko.

"Akwai sauran kek."

"Ina so, Anti."

Na kashe famfon. Na ce, "Tun yaushe kunnen nan ya mutu?"

Tukunyar ta kusa suɓuce masa. Fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja. Ya buɗe baki zai musa, na ce kada ya wahalar da kansa, na zauna da irinsa shekara talatin da ɗaya. Sai ya ja kujera ya zauna, hannuwansa na ɗigar kumfa a kan wandonsa.

Sanƙarau ne ya kama shi yana shekara goma sha ɗaya. Ya yi kwana goma sha biyu a asibiti, ya tashi, amma kunnen hagu bai tashi ba. Ubansa ya ce kada kowa ya ji a makarantar ƙwallo, don yara ɗari ne ke jiran gurbinsa. Duk gwajin lafiyar da aka yi masa, zuciya ake dubawa da gwiwa da idon sawu, babu wanda ya taɓa raɗa masa magana a kunne.

"Ba wai ba na jin ihun ba ne, Anti," ya ce. "Ina ji. Amma duk wata murya ta dama take zuwar mini. A wasan yara babu 'yan kallo, ina iya tsinto muryar mutum ɗaya. A nan kuwa, in suka ɗauka gaba ɗaya, kamar an kifa mini bokiti a ka."

"Shi ya sa kake waiga dama."

"Shi ya sa." Ya ɗago. "Don Allah kada ki gaya wa Oga Pybus."

"Ni ba 'yar kai rahoto ba ce. Kunnenka ne, bakinka ne. Amma ran Lahadi ubanka zai zo cin abinci, kuma ba zan yi kamar ban sani ba."

Gordon ya zo. Na gasa naman sa da dankali, na bari sai da ya cika farantinsa sannan na faɗa masa. Ya ajiye wuƙa da cokali a hankali.

"Glenda, ina ganin girmanki, amma ba ki san mutanen nan ba. A can, yaro ya yi tari sau biyu an rubuta a takarda. Dalili kawai suke nema. Kina so in miƙa musu shi da hannuna?"

"Ni ba abin da nake so. Na dai gaji da jin ana kiran yaron da ke kwana a gidana Ɗan Barci, alhali shi ke fara tashi."

"Gara Ɗan Barci da kurma! Mai barci ana sa ran zai farka. Kurma fa? Wa zai ba shi kwantiragi?"

Ellis yana ta juya wake a faranti. Sai ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Baba, ai mun ɓoye, kuma sun kore ni."

Gordon ya dube shi. Ellis ya ci gaba.

"Shekara bakwai muna ɓoyewa. Suka ce hankalina na tafiya. Hankalina bai taɓa zuwa ko'ina ba. Nan ma saura wata shida su faɗi haka. In za a kore ni, a kore ni a kan abin da yake gaskiya."

Gordon ya tashi ya fita. Ta taga muna ganinsa zaune a motarsa, hannu biyu a kan sitiyari, bai tayar da ita ba. Ya yi kusan rabin awa. Da ya dawo idanunsa sun kaɗa. Ya zauna ya jawo farantinsa da ya riga ya huce.

"In za ka faɗa, ka ce ni na sa ka ɓoye."

"Ba zan ce ba," in ji Ellis. "Ni ma ina da baki tuntuni."

Washegari da safe Ellis ya ƙwanƙwasa ofishin Pybus. Ba na wurin, amma ya ba ni labari, kuma matar da ke wanke rigunan 'yan wasa ta ce har ɗakin wanki ta ji ƙarar. Pybus tsohon mai tsaron baya ne da gwiwoyinsa suka lalace, ba ya iya miƙewa da sauri, amma ranar ya miƙe.

"Wata biyar! Wata biyar ina tsaye a bakin layi ina yage maƙogwarona, ashe da bango nake magana! Ka san maki nawa ka zubar mini?"

"Biyar, Oga."

"Au, har ka ƙirga?"

Ya tura shi wurin likita. Likita ya ce kunnen ya tafi, babu na'urar da za ta dawo da shi yadda zai yi amfani a fili. Da sakamakon ya zo Pybus ya ɗan huce, ya kira shi ya ce ya samo dabara. Zai mayar da shi gefen hagu, jikin layi, inda mataccen kunnen zai fuskanci 'yan kallo, mai ji kuma ya fuskanci fili.

"Na gode, Oga, amma ni ɗan tsakiya ne."

"Kai ɗan benci ne, yaro. Aiki nake ba ka."

"Ba ni da gudun ɗan gefe, kai ma ka sani. In ka sa ni can, wata biyu za ka ce ba ni da sauri. A tsakiya nake da amfani. Ka ba ni lokaci in gyara."

Pybus ya ce akwai wata ƙungiya a Hollin, tsohon garin masu haƙar kwal, can rukuni na shida, suna neman aron ɗan tsakiya daga Janairu. "Je ka su ɗan tattaka ka. In ka dawo da ƙafafunka biyu, sai mu gani."

Tun kafin Janairu ya fara nasa gyaran. A bayan kasuwar kifi akwai wurin ajiye motoci mai dogon bango, ana hango shi daga tagar ɗakina. Kullum ƙarfe bakwai na safe, gari bai gama wayewa ba, sanyi na yanka fuska, sai in hango shi. Ya buga ƙwallo a bango, kafin ta dawo ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tare ta. Ya sake bugawa, ya sake waigawa. Da farko ƙwallon takan wuce shi yana waiwaye, ya bi ta har ƙarƙashin motocin masu kifi. Makon farko wuyansa ya sage, sai da na riƙa cika masa gorar ruwan zafi yana ɗorawa, yana cin abinci kai a karkace kamar tsohuwar kaza.

Rana ta tara na hango mutum na biyu a wurin, da kare. Vince Tordoff ne. Labarin kunnen ya riga ya zagaya ɗakin 'yan wasa. Haƙuri dai Vince bai bayar ba, ba irinsa ba ne. Ya dai ɗaure karen a jikin ƙarfe, ya tsaya a bayan Ellis. Duk lokacin da ƙwallo ta bar ƙafar yaron, sai Vince ya laɓaɓo ta hagu ko ta dama. In Ellis ya gan shi ya kauce, shi ke nan. In bai gan shi ba, sai ya ji tafi a ƙeya.

Da suka gama na kira su shan shayi. Vince ya cika mini kicin, karen ya kwanta a kan ƙafata.

"Anti Glenda, yaron nan naki taurin kai gare shi. Ƙeyarsa ta sa mini ciwon hannu."

"To ka daina dukansa mana."

"In ban dake shi ba wani zai dake shi, kuma shi da takalmi zai yi." Ya juya wurin Ellis, ta dama. "Saurara, Ɗan Barci. Daga yau ba zan ƙara yi maka ihu ba. In na turo maka a ƙafar dama, dama babu kowa, juya can. In a hagu, hagu. In na buga ta da ƙarfi kamar ina jin haushinka, mutum na manne da kai, maido mini. Ka gane, ko in rubuta?"

"Na gane. Sunan fa?"

"Sunan na nan. Ya dace da fuskarka."

Hollin mota biyu ake hawa kafin a kai. Filinsu a kan tudu yake, rabi ciyawa rabi taɓo, 'yan kallo ba su cika ɗari uku ba. Kocinsu malamin makaranta ne, golansu mai haɗa wayar lantarki. Tun ranar farko Ellis ya tara su ya gaya musu zancen kunnen, suka ce to, suka ci gaba da ɗaure takalmi. Abokan karawa kuwa manyan mutane ne masu iyali, waɗanda suka yi mako suna ɗaukar bulo, suka zo su huce a kan yaron da aka aro daga sama. A wasa na uku aka sa masa gwiwar hannu a baki, haƙorinsa na gaba ya guntule. Ya dawo mini da leɓe kamar tumatir, yana murmushi.

"Sau biyu kawai aka ƙwace yau, Anti."

"Haƙorin fa?"

"Wannan na gan shi yana zuwa. Ban dai kauce da wuri ba."

A bayan ƙofar ɗakinsa ya manna takarda yana rubuta sau nawa aka zo masa ta baya bai gani ba. Wasan farko biyar. Na shida ɗaya. Wasanni uku na ƙarshe ya zana ƙwai, wato sifili.

Tsakiyar Maris Pybus ya kira shi gida. Ba don tausayi ba. Skelby ce ta biyu daga ƙasa, 'yan tsakiyarmu biyu sun ji rauni, babu wanda ya rage. Wasan da ya dawo da shi da ƙungiyar da ke saman teburi ne, a filinmu. Da aka kira sunansa a lasifika wasu suka yi minshari da ƙarfi, aka yi dariya. Minti goma da farawa Vince ya turo masa ƙwallo a ƙafar hagu. Wani dogo ya taso masa da gudu ta dama. Ellis ya riga ya gan shi tun ƙwallon ba ta baro ƙafar Vince ba. Ya bar ta ta gangaro, ya juya hagu, dogon ya zame ya wuce shi a kwance har sai da ya share taɓo da ƙirjinsa. Ellis ya ɗaga kai ya zura ta tsakanin masu tsaron baya biyu, ɗan gabanmu ya same ta shi kaɗai da gola. Muka ci biyu da ɗaya.

"Wuyan yaron nan kamar na mujiya," in ji Mista Coverdale. "Ni kallonsa ma jiri yake sa ni."

Ya buga duk wasanni takwas da suka rage, daga farko har ƙarshe. Da tatsuniya nake yi da na ce ya cece mu. Bai cece mu ba. Ramin da muka faɗa ya yi zurfi tun kafin ya dawo. Ranar ƙarshe muna buƙatar nasara a gidan wasu, muka tashi babu ci, muka faɗa rukuni na biyar. Na ga Vince zaune a kan ciyawa, ƙato da shi, ya rufe fuska da rigarsa. Wasansa na ƙarshe ke nan. Yanzu rufin gidaje yake yi da ƙaninsa.

Mako guda bayan haka aka sallami Pybus, aka sallami 'yan wasa goma sha huɗu. Kafin ya kwashe kayansa ya bar wa shugabannin ƙungiya sunaye biyar da ya ce in suna da hankali kada su saki. Na Ellis na ciki. Aka ba shi shekara biyu.

Sabon kocin, Lumb, matashi ne daga kudu, bai san kowa ba, kuma ya zo da nasa 'yan tsakiya biyu. Ranar farko ana layi ana gaisawa da shi, da aka zo kan Ellis ya miƙa hannu ya ce, "Ellis Thackray, ɗan tsakiya. Kunnena na hagu ba ya ji. In za ka zage ni, Oga, ka tsaya ta dama."

Lumb ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, sai da aka tabbatar masa. Ya ajiye shi a benci wasa biyu yana nazari. A na uku ya sa shi, bai sake cire shi ba. Kakar nan Ellis ya buga wasa arba'in da huɗu, ya ci ƙwallo uku kacal, amma magoya baya shi suka zaɓa gwarzon shekara. Gordon ya zo bikin da kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, ya yi ta gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa ɗansa ne.

Kaka ta uku, a watan Nuwamba, wani ya faɗa masa a kan idon sawu, ƙashi ya karye. Wata huɗu ya yi. Benena yake hawa da zaune, mataki ɗaya ɗaya, da baya, yana jan ƙafar da aka ɗaure. Na ce ya sauko ɗakin ƙasa, ya ce hawan ma motsa jiki ne. Ranar da likita ya ce ya fara taka ƙasa, a ranar ya ce in raka shi bakin teku, ya yi tafiyar minti goma a kan yashi yana cije leɓe, ya dawo gumi ya jiƙa masa riga a cikin wannan sanyi. Ya dawo fili a watan Maris, ya buga wasa tara. A na ƙarshe akwai wani baƙo mai doguwar kwat a sama yana rubuce-rubuce. Cikin watan Yuni wata ƙungiya ta rukuni na uku, can kudu maso yamma, ta saye shi. Shekararsa ashirin da ɗaya.

A can ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Wasa tara na farko yana benci, in an sako shi sai saura minti biyar. Yakan bugo mini waya ran Lahadi, ba ya ƙorafi, sai dai ya ce mutumin da ke riƙe da gurbinsa ya fi shi ƙarfi, don haka ya fara ɗaga ƙarfe da yamma. Sai wata Alhamis cikin Oktoba wayar ta yi ƙara da tsakar rana.

"Anti, da ni za a fara ran Asabar."

Jirgin ƙasa uku ake canzawa daga Skelby zuwa can. 'Yata ta ce ƙuguna ba zai ɗauka ba. Na ce ƙugun nawa ne. Na tafi, na kwana gidan wata ƙawar ƙanwata, na zauna cikin mutum dubu tara da ban san ko ɗaya ba. Ya buga minti casa'in cif. Aka cinye su ɗaya da nema, amma da aka tashi na ga kocinsu ya tare shi a bakin layi, ya riƙe masa kafaɗa ya daɗe yana magana.

Washegari ya raka ni tasha, yana ɗingishi saboda wani shuri da ya sha a ƙwauri, jakata a hannunsa. Na ce ya yi wasa mai kyau. Ya girgiza kai, ya ce akwai wata ƙwallo a minti na sittin da ɗaya da ya makara da ita da taki ɗaya, da ya sake ta da wuri da sun rama. Ya sa ni a jirgi, ya ɗora jakar a sama, ya sauka ya tsaya jikin taga. Har jirgin ya fara motsi yana nan yana nuna mini da hannu biyu inda ɗan gabansu ya tsaya, da inda shi ya kamata ya jefa ta.